Asubar da Ba Ita Dokta Yake Nufi Ba

Wata uku na yi a Alƙahira kafin na daina amsa sunan Garba. Duk Bamisiren da na faɗa wa sunan sai ya kau da kai yana danne dariya, har Malam Nuhu ya ji tausayina ya ce, "A bakinsu fa wannan kalma dabba ce mai ƙazuwa. Koma Abubakar ɗinka ka huta." Na koma. Da ina da wayo, da tun ranar na gane cewa kalmar da na sani a gida ba lalle ita ce a can ba. Amma ni a lokacin gani nake babu wanda ya kai ni Larabci a duk ƙasar Malumfashi, don kawai na sauke 'yan littattafai a zauren kawuna.

Malam Nuhu Bakano ne, fiƙihu yake karantawa, ya ba ni shekara goma. Ɗaki ɗaya muka raba a unguwar Hay el-Sabi', hawa na huɗu. Dillalin da ya kai mu ya dafa ƙirji ya ce gidan akwai ruwan famfo dare da rana. Bai yi ƙarya ba, akwai, sai dai a hawa na ɗaya yake tsayawa. Har na bar gidan da bokiti muke hawa.

Ni gwamnatin jiharmu ce ta turo ni, a ƙarshen shekarun saba'in, in yi digiri na biyu a kan takin zamani. Ɗan manomi ne ni. Da idona na ga gonar Baba da ta gaji, dawarta duk ta yi ja, ta koma kore shar a damina ɗaya saboda taki, kuma tun daga nan ba na son a zagi taki a gabana. Ni ne na farko a gidanmu da ya shiga jirgi ba don aikin hajji ba, Baba kuwa ya riga ya gaya wa duk garin cewa ɗansa zai dawo likitan gona. Takardar digirin nan ita na je nema, ban je neman komai ba bayanta.

Malamin da aka ba ni ya kula da bincikena, Dokta Midhat, gajere ne mai sanƙo, ba ya rabo da sigari. Ya ce masu binciken ƙasa sun yi masa yawa, amma akwai wani aiki da kowa ke gudu saboda nisa da wari, wato a bi takin a ga inda yake zuwa bayan ya bar gona. Ruwan da ya tsiyaye daga gonakin arewacin Masar manyan magudanai ne ke kwashe shi su zuba a tafkin Manzala, tafkin kuma bakinsa a buɗe yake ga teku. Aikina in riƙa auna iskar da ke cikin ruwan, wadda kifi ke shaƙa.

"Duk mako biyu ka je," ya ce, yana laluben ashana cikin takardu. "Ka ɗebi ruwan essubh. Kullum essubh, kada ka sake lokaci, in ba haka ba awon ya lalace."

"Tamam, ya Duktur," na ce.

Essubh, asuba ke nan, ai wannan ko yaro ya sani. Har a raina na yaba masa, na ce ashe mai sigarin nan yana tashi salla a kan lokaci. Ya rubuta mini 'yar wasiƙa zuwa ga wani masunci, bayan mako biyu kuma ya tafi koyarwa ta shekara guda a wata ƙasar Larabawa, ya bar ni da kwalabena.

In za a je tafkin, daga tasha fijo ta haya ake shiga, a yi ta keta gonaki har baya ya ƙage. Auduga, shinkafa, masara, babu tafin hannu guda da aka bari. Ina kallon manoma suna watsa farin taki da hannu kamar ana rabon sadaka, ina jin daɗi, ina cewa wata rana haka ƙasarmu za ta zama.

Masuncin sunansa Ammu Rajab, wato Baffa Rajab, dattijo ne dogo, busasshe, mai gemu kamar an yayyafa masa toka. Bai iya karatu ba, sai da aka karanta masa wasiƙar a shagon mai shayi. Da la'asar ya kai ni bakin tafkin, na ga ruwa iyakar ganina, kore kamar miyar kuka. Ni mutumin tudu, wanda a garinsu kore shi ne arziki, na ɗaga hannu na ce, "Masha Allah, wannan albarka haka."

Ya dube ni ya daɗe. Sa'annan ya ce, "Ya ibni, ɗana, wannan koren shi ya cinye mu."

Da na ce masa da asuba za mu fita, ya yi mamaki. Ya ce ɗaliban da suka zo kafin ni sai rana ta ɗaga suke shiga jirgi, bayan sun ci wakensu sun sha shayi. Na ce a raina, ragwaye, shi ya sa Dokta ya nemi baƙo.

Ban taɓa shiga kwalekwale ba sai ranar. Mun idar da salla muka fita, ina riƙe da katako da hannu biyu, ina karanta duk addu'ar da na sani, Ammu Rajab yana tambayata ko a ƙasarmu da yashi muke wanka. Ba mu yi nisa ba wari ya tare mu, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Da gari ya fara wayewa na ga saman ruwan yana motsi ko'ina, na zaci yayyafi ne. Ashe bakunan kifi ne. Karfasa ce ba iyaka ta taso, kowace ta buɗe baki sama tana haƙi, wasu sun riga sun juya ciki. Ƙaguwa ma sun baro ƙasan ruwa sun hau karan kyauro sun maƙale.

Awon ba wuya. Ana cika ƙaramar kwalba da ruwan har ta tumbatsa, a ɗiga magani iri biyu, a toshe, a girgiza. In ruwan na da iska sai ya haɗe ya yi launin shayi mai kauri. In babu, sai ya tsaya fari kamar kindirmo. Kwalbata ta farko ta yi fari. Na ce maganin ne ya lalace, na sake, ta sake yin fari. Muka bi har bakin da tafkin ke zuba a teku, muka ɗan fita, na zura igiya na ɗebo na ƙasa. Shi ma kusan farin ne.

Abin da littafi ya faɗa, da na koma na bincika, bai wuce abin da Ammu Rajab ya gaya mini a jirgi ba. Da can babban kogin ƙasar kan cika duk shekara ya zo da jar laka, ya ciyar da gonaki, ya wanke tafkin. Da aka gina babbar madatsa a kudu lakar ta daina zuwa, manoma suka koma wa taki, kimawi suke ce masa. Abin da shuka ba ta ci ba sai ya bi ruwa ya taho tafki, ya ciyar da gansakuka har ta rufe ko'ina. Da rana gansakukar tana ba ruwa iska. In rana ta faɗi sai ta koma tana zuƙe ta, wadda ta mutu kuma ta nutse tana ruɓewa tana zuƙe sauran. Kafin gari ya waye ruwan ya zama fanko. Wannan bayani na karanta shi da idona, amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina ba me ya sa Dokta zai tura ni daidai lokacin da abin ya fi muni.

Shekara guda na yi ina wannan zirga-zirga. A ɗakin Ammu Rajab nake kwana, a shimfiɗar 'ya'yansa maza biyu da suka bar su suka tafi leburanci ƙasashen waje. Matarsa ta ga yadda kwalabena ke karo da juna a jaka, zuwana na gaba na tarar ta ɗinka mini wata jakar mai aljihu-aljihu da tsummokara. Da hunturu sanyin tafkin kan shiga ƙashi har in kasa toshe kwalba, in zauna ina hura yatsuna ina tuna tuwon dawar Inna da man shanu, in ji kamar in yi kuka a gaban mutane. Shi kuwa dattijon ya ƙware da karatun kwalba fiye da ni. Kafin in gama girgizawa zai leƙo ya ce, "Fara ce," ya juya kan jirgin.

Wata rana muna komowa ya gaya mini abin da ke ransa. Masuntan garin sun haɗu sun sa an rubuta musu takardar koke, kowa ya dangwala yatsa, suna roƙon a karkatar da magudanar ko a tace ruwanta kafin ta iso su. Sun kai ofishin da ya dace a babban birnin lardi. Ma'aikacin ya karɓe su da shayi, ya ce hukuma ba ta aiki da hawaye, su kawo shaidar masu ilimi.

"To ga ka Allah ya kawo," ya ce. "Littafin naka zai faɗi abin da kwalbar nan take faɗi?"

"Wallahi zai faɗa, ya Ammu."

Babu wanda ya sa ni rantsuwa. Ni na ga dama, don ina jin daɗin yadda yake kallona.

Da Dokta Midhat ya dawo na kai masa littafin awona ina taƙama. Ya buɗe shafi na farko, na biyu, na uku, ya ajiye sigarin.

"Wannan mene ne? Maganinka ya lalace?"

"Lafiyarsa ƙalau, ya Duktur, na gwada shi da ruwan famfo."

"Ƙarfe nawa kake ɗiba?"

"Yadda ka ce. Muna idar da salla muke fita."

"Wace salla?"

"Ta asuba. Essubh."

Ya rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunsa na rawa, na kasa gane dariya yake ko kuka. Da ya ɗago ya ce, "Ya Abubakar, da asuba nake nufi da na ce elfajr. Essubh a wurinmu safe ne, ƙarfe goma, sha ɗaya, in mutum ya karya kumallo. Shekara guda kana tashin bawan Allah cikin duhu?"

Kunya ta rufe ni. Amma ina tsaye a wurin wani abu ya faɗo mini, na ce, "To amma ya Duktur, kifin ai da asuba yake mutuwa."

Dariyar ta ɗauke. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo ya zauna, ya yi magana a hankali ba tare da fushi ba. Ya ce ya san da haka tun ban san hanyar jami'a ba. Ya ce duk waɗanda suka auna tafkin kafin ni da hantsi suka auna, ba za a haɗa nawa da nasu ba. Ya ce ƙasar nan burodi take ci safe da yamma, babu laka, in aka ce taki ne ke kashe tafki me za a ba manomi? Sa'annan ya ce, "Kai baƙo ne. In ɗan ƙasa ya rubuta wannan, sunansa mai taurin kai. In kai ka rubuta, za a tambayi wanda ya turo ka, a tambaye ni ni ma. Ina da 'ya'ya. Ma'alish, yi haƙuri, ka sake awon, wata shida ya isa." Ya ja aljihun teburinsa ya jefa littafina ciki ya murɗa makulli.

Na yi ta maza, ba zan hana kaina wannan ba. Na roƙe shi a sa awon biyu gefe da gefe, ya ƙi. Na ce a sa na asuba a ƙarshen littafi da ƙananan haruffa, ya ƙi. Na je wurin wani malamin a sashen, ya saurare ni tsaf, ya ba ni shayi, ya raka ni har ƙofar Dokta Midhat. Na yi zuciya na zauna a gida wata biyar. Ana nan takardar izinin zamana ta ƙare, ba a kuma sabunta ta sai da wasiƙar malamin da ke kula da kai. Na koma ina ratse hanya in na hango ɗan sanda. Ofishin da ya turo ni ya aiko yana tambayar inda aka kwana. Sai ga wasiƙar Baba ta hannun wani ɗalibi da ya dawo daga hutu. Idon Baba ya fara rauni, yana tambaya yaushe, ya ce ko me ake ciki kada in dawo masa hannu rabbana.

Wata Juma'a muna cin tuwon garin shinkafa da 'yar kukar da ta rage mana, na sa wa Malam Nuhu tambaya.

"Malam, in na auna da hantsi na rubuta abin da na gani, ai ban yi ƙarya ba ko?"

Ya lashe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya kafin ya amsa. "Ba ka yi ƙarya ba."

"Alhamdu lillahi."

"Ban gama ba. Ɓoye shaida ka yi, kuma ka san hukuncinsa, a zauren kawunka ma an karanta maka. Fatawa kake nema ko abokin rakiya?"

"To ya zan yi, Malam?"

"Ban sani ba, Garba. Ni da ake tambayata najasar ruwa kullum, ban taɓa ganin ruwan da ya mutu ba. Ci tuwonka."

Ranar Asabar na je na ba Dokta haƙuri. A take ya sa hannu a wasiƙar izinin zama, har ya tambaye ni lafiyar mahaifina.

Komawata tafkin ita ce tafiya mafi muni da na yi a rayuwata. Na ce wa Ammu Rajab yanzu da hantsi za mu riƙa fita, don a kwatanta. Ya ce ilimi ya fi shi sani. Rana ta take, ruwan na ƙyalli, gawar kifin jiya iska ta riga ta tura ta cikin kyauro. Na ɗiga magani, kwalba ta yi launin shayi mai kyau, irin wanda ban taɓa gani ba a shekara guda. Ya karɓa ya ɗaga ta a rana ya yi dariya.

"Ka ga munafukin ruwa? Da rana sai murmushi. Rubuta wannan ma, su san halinsa."

Na rubuta. Wata shida ina cin shinkafar matarsa, ina kwana a shimfiɗar 'ya'yansa, ina tara kwalabe masu launin shayi. Kifin da yake kamawa ya koma tarwaɗa kusan zalla, don ita ke iya leƙo sama ta shaƙi iska, a kasuwa kuwa ba a sonta. Sau da yawa na buɗe baki zan gaya masa, sai ya riga ni da wani labari, ni kuma in ji daɗin an katse ni.

Na rubuta littafin da Turanci, kamar yadda ake yi a sashenmu, da taƙaitaccen bayani na Larabci shafi biyu a ƙarshe. A ciki na ce a duk lokutan da aka yi awo, iskar ruwan tafkin ta wadatar da kifi. Kalma ɗaya ta ƙarya babu a ciki, na duba sau uku.

A Masar kare littafin digiri a bainar jama'a ake yi, kamar ɗaurin aure, har da lemo da alewa. Malam Nuhu bai sake tayar mini da maganar ba, shi ne ma ya goge mini babbar rigata da safen. Ban gayyaci Ammu Rajab ba. Masinjan sashenmu ɗan yankinsu ne, shi ya kai labari. Ina hawa dandamali na hango shi a layin ƙarshe, cikin farar jallabiya mai karin guga, ya ɗora hannuwa a gwiwa kamar mai jiran huɗuba. Muhawarar rabi Turanci ce, rabi kalmomin kimiyya, ba abin da ya fahimta. Amma duk sanda aka ambaci Manzala sai ya gyaɗa kai ya dubi na kusa da shi.

Sun ba ni digirin, har da yabo. Aka tafa, Dokta Midhat ya rungume ni, wasu mata da ban sani ba suka yi guɗa. Na samu abin da na je nema, kuma ban taɓa jin ƙyamar kaina kamar a wannan lokaci ba.

A bakin matakala ya tare ni. Ya sumbaci goshina, ya ce, "Mabruk, ya Duktur." Ya ce ba zai kwana ba, mutane na jiransa, gobe da safe za su koma ofishin su duka, har sun yi hayar mota. Ya miƙo hannu biyu. Kwafi ɗaya ne a hammatata, mai baƙin bango da rubutun ruwan zinari. Na ba shi.

Ya juya shi, ya auna nauyinsa, ya buɗe yana kallon layukan da bai san kansu ba.

"Ina wurin farar kwalbar? Lanƙwasa mini shafin, in nuna wa ma'aikacin da yatsa, kada ya ce bai gani ba."

Nan ne ya kamata in faɗa. Mutane na wucewa suna dafa kafaɗata, Malam Nuhu na tsaye gefe ya sunkuyar da kai. Na karɓi littafin, na nemi shafin da ya fi cika da Turanci da lambobi, na lanƙwasa kusurwarsa, ina roƙon Allah ya sa ma'aikacin bai iya Turanci ba.

Ya naɗe shi a mayafinsa ya rungume, ya yi mini addu'a, ya yi wa Baba, ya sauka ya nufi tasha da sauri irin na mai kai albishir. Sai da ya sha kwana na tuna da shafuka biyun nan na Larabci. A ƙarshen littafin na sa su, ta bangon dama, kuma ta nan duk Bamisire yake fara buɗe littafi.